Yadda Za Ka Raya Kifin Ado a Sabon Tanki Har Ruwansa Ya Nuna

Kifi goma sha biyu na fara saya, rana ɗaya da tankin gilashin. Mai shagon ya ƙulla mini su a leda, ya ce in na isa gida in cika tanki da ruwa, in kunna filta, wato matatar ruwan, in juye su, shi ke nan. Haka kuwa na yi. Kwana huɗu suna ta wasansu, yara sun kasa tashi daga gaban gilashin ko da an kira su cin abinci. A rana ta shida na tarar da biyu sun juya ciki sama. Kafin mako na uku ya cika, saura uku. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ruwan tas yake, kai ka ce ka ɗiba ka sha.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A harkar ruwan kifi dai ido bai san komai ba. Dafin da ya kashe mini kifin nan ba shi da launi, kuma kusan duk wanda ya kafa sabon tanki sai ya haɗu da shi a watan farko. In ba ka riga ka sayi kifi ba, akwai hanya mafi sauƙi da zan taɓo a ƙasa. Amma yawancinmu sai kifi ya riga ya shiga ruwa muke jin labarin, to wannan bayani na masu irin halina ne.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Kifi a tanki, inda yake ci nan yake bayan gida. Mafi yawan dattin jikinsa amoniya ce, kuma ta wurin numfashinsa yake fitar da ita, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji da aka daɗe ba a kwashe ba ya san warinta, mai sa ido hawaye. A kogi ruwa ya yi yawa, sai ta bi ruwa ta tafi. A lita 60 ba ta da wurin zuwa. Tana ƙona wurin numfashin kifin, ta lalata masa fata, ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Masu kwashe wannan datti wasu bakteriya ne da ido ba ya gani, rukuni biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda a jikin kwalin gwaji za ka ga an rubuta NO2. Shi ma dafi ne. Rukuni na biyu, Nitrospira, su ke cin naitirait su mayar da shi naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jure shi in bai taru da yawa ba, kuma canjin ruwa na mako-mako ke fitar da shi. Tun wajajen 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano aikin irin waɗannan halittu a cikin ƙasar noma. Su ne dai suke sarrafa taki a gona.

Matsalar ita ce sabon tanki ba shi da su sai 'yan ƙalilan, kuma wajen hayayyafa nawa gare su. Wasu bakteriyar kan ninka yawansu cikin minti 20. Waɗannan sai su kusan kwana guda kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa tanki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, wato bakteriyar su yawaita har su iya kwashe dattin, wani lokaci har 8. Abin da aka saba gani: amoniya ta hau a mako na farko da na biyu, tana sauka sai naitirait ya ɗauka, ya yi mako biyu ko uku yana ba ka wahala, sannan wata safiya ka gwada ka ga ya faɗi.

Riƙe wannan da kyau, don rabin kurakuran da ake yi daga nan suke: bakteriyar nan ba a cikin ruwa suke yawo ba. Maƙalewa suke yi a jikin soson filta, da tsakuwa, da gilashi, duk inda ruwa mai iska ke wucewa. Saboda haka canza ruwa ba ya rage su. Wanke soso da ruwan famfo shi ke hallaka su.

Mataki na farko: san girman tankinka, ka rage kifi

Ɗauko tef ka auna tsawo, faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 35 lita 63 ke nan a lissafi. Cire wurin da tsakuwa ta cinye da ɗan sararin da ka bari a sama, ruwan gaske bai wuce lita 55 ba. Da wannan adadin za ka riƙa auna magani da gishiri, don haka rubuta shi ka manna a jikin teburin.

A irin wannan tanki, ƙananan kifi uku zuwa biyar sun isa farawa. Gofi, filati ko zebra daniyo suna da juriya. In gofi ne, ka zaɓi maza zalla, domin mace haihuwa take yi duk wata, kuma kowane ɗa ƙarin datti ne. Golfish, jan kifin nan da kowa ke so, shi ne mafi muni ga sabon tanki: ci gare shi, kashi gare shi, kuma girma yake yi sosai. Kifi mai dogon baki kamar hauren giwa da ake kamawa a kogunanmu shi ma ka bar shi sai tanki ya shekara, ba ya jure ruwa mara kyau ko kaɗan.

In ka riga ka zuba goma ko ashirin, kada kunya ta hana ka mayar da wasu shago ko ka ba wani mai tsohon tanki ajiya. Kowane kifi da ka rage, bokitan ruwa ka rage wa kanka ɗauka.

Mataki na biyu: gyara ruwan da za ka riƙa zubawa

Za ka yi canjin ruwa da yawa a makonnin nan, don haka tanadi bokiti biyu da mesa siririya waɗanda ba a yin komai da su sai aikin kifi. Bokitin da ya taɓa ganin omo ko sabulu ya haramta. Ka yi masa alama da fenti, ka gaya wa mutanen gida, in ba haka ba wata rana za ka tarar an jiƙa wanki a ciki.

Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin bai san na kirki da na banza ba. Yana kashe bakteriyar filta, yana ƙona kifi. In ka tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu, musamman da dutsen iska a ciki, wato ɗan dutsen nan mai fitar da kumfar iska, kulorin zai fice. Sai dai a wasu biranen duniya ana amfani da wani nau'i mai suna kuloramin, wanda ajiya ba ta fitar da shi. Maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi ya raba gardama, kuma ba ya ƙarewa da wuri: Seachem Prime, alal misali, mililita 5 ke gyara lita 200. Kamfanin ya ce yana kuma ɗaure amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu. Ni dai ba na jingina ran kifina da wannan magana. Ina zuba shi don kulorin, amoniya kuwa bokiti ne maganinta.

Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a cikinsa, shi ne za ka ga yana barin jan tsatsa a gindin bokiti. Bar shi ya kwana, ka tsiyaye na sama. Ruwan rijiya a unguwa mai cunkoso, inda shadda ke kusa, sau da yawa yana zuwa da naitiret ɗinsa, har da amoniya. Ruwan 'yan garuwa kuwa, yau daga nan gobe daga can. Ko wanne kake amfani da shi, gwada shi tun kafin ya shiga tanki, ka san da wa kake hulɗa, kuma ka tsaya a kan tushe ɗaya. Kifi ya fi son ruwan da ya saba da shi a kan ruwa mai kyau da ke sauyawa kullum.

Sai zafin ruwan. Wanda ya sauko daga tankin saman rufi da azahar a watan Afrilu ya kusa dafa ƙwai. Wanda ya kwana a tsakar gida da hunturu kuma hannu ma ba ya son shiga. Ajiye bokitin a ɗakin da tankin yake na 'yan sa'o'i, har bambancinsu ya zama bai wuce digiri biyu ba. Ma'aunin zafi na mannawa a gilashi ba shi da tsada.

Mataki na uku: kunna filta, ka nemo iri

Filta dare da rana take aiki. Na san masu kashe ta da dare don ƙara ta hana su barci. Wannan daidai yake da toshe wa bakteriyar hanci, don ba sa rayuwa sai da iska. Ga ƙaramin tanki a ƙasarmu, na fi son filtar soso, wadda famfon iska ke turawa. Wutar da take ci ba ta wuce wat biyu zuwa biyar ba, tana ba ruwa iska, kuma ba ta da abin lalacewa.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace rage wahala. Ka ga yadda mai nono ke ɗibar ɗan tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara, kafin gari ya waye ta kama? Haka tanki yake. Je wurin wanda tankinsa ya yi wata shida ko fiye kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi yankin tsohon soson filtarsa, ko ya matse maka shi a cikin leda ka taho da baƙin ruwan. Dattin nan mai kama da laka shi ne dukiyar. Kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa, kada ya bushe, kada ya sha rana a mota, ka cusa shi cikin filtarka a ranar. Tafin hannu biyu na tsohuwar tsakuwarsa a cikin safa mai tsabta shi ma yana taimakawa. Da iri mai kyau, aikin mako shida kan dawo mako ɗaya ko biyu. Ruwan tsohon tanki zalla kuwa, wanda wasu masu shago ke ba mutane a jarka, amfaninsa kaɗan ne, tunda bakteriyar ba a ruwa suke ba. Kuma ka dubi tankin da idonka kafin ka karɓa. In ka ga kifi mai fararen ɗigo a jiki ko mai yagaggen fiffike, yi godiya ka wuce, don cuta ma ta soso take tafiya.

Akwai bakteriya na kwalba, irin su Tetra SafeStart. A da mutane sun ɗauka Nitrobacter ce ke cin naitirait a tanki, ita aka riƙa ɗurawa a kwalabe, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna Nitrospira ce ke wannan aiki a tankunan ruwan daɗi. Kwalaben yanzu sun fi na da. Amma abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta yi watanni a kwantena, ta zo ta zauna a shago mai zafin digiri 40, ba lalle ne da saura a ciki ba. In ka samu sabuwa, zuba. Amma ka ci gaba da gwaji kamar ba ka zuba ba.

Shuka ma tana rage nauyi, domin amoniya abincinta ne. Kainuwa, dashen Allah, tana cikin waɗanda suka fi zuƙe ta, ga shi tana yi wa kifi inuwa. In daga kududdufi ka ɗebo, wanke ta sosai, ka ajiye a wani bokiti na mako biyu tukuna, saboda ƙwari da dodon koɗi da ke ɓuya a saiwarta. Kada ka bari ta rufe fiye da rabin saman ruwan.

Mataki na huɗu: gwaji kullum

Da za a ce in zaɓa tsakanin fitila mai launi-launi da kayan gwajin ruwa, gwajin zan ɗauka ba tare da na yi tunani ba. Iri biyu ne: na takarda da ake tsomawa, da na ruwa da ake ɗigawa. Na ɗigawa ya fi gaskiya, kuma yawancin takardun nan masu gwada abu biyar a tsoma ɗaya babu amoniya a cikinsu, alhali ita ce abokiyar gabar farko. Na ɗigawar da ya fi yaɗuwa shi ne na kamfanin API. Za ka ɗebi mililita 5 na ruwan tanki a 'yar kwalba. Na amoniya ɗigo 8 daga kowace cikin kwalabe biyu, ka jira minti 5: ruwan ɗorawa na nufin babu, yana komawa kore tana ƙaruwa. Na naitirait ɗigo 5: shuɗi mai haske babu ke nan, in ya juya shunayya akwai. Na naitiret yana da tarko, kwalba ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin ka ɗiga, sannan ka girgiza haɗin minti guda. In ka yi kasala zai nuna maka sifili alhali ƙarya ne. Duba launin a hasken rana, takarda fara a baya. Hasken kwan lantarki na ruɗin ido.

Gwada amoniya da naitirait kowace rana a lokaci guda, kafin ka ba da abinci. Naitiret da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, sau biyu a mako ya isa. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da sakamako, wato lambar da launin ya dace da ita a katin gwajin (ta amoniya, naitirait da naitiret miligiram ce a kowace lita). A kwana na 20, lokacin da ka fara tunanin ba abin da ke motsi, littafin ne zai nuna maka cewa amoniyar da a da take kai 1 cikin yini ɗaya yanzu da ƙyar take kai 0.25.

Me ya sa pH? Amoniya a ruwa kashi biyu take, mai dafi da mai sauƙi, kuma pH da zafi ne ke yanke yawan mai dafin. A digiri 25, in pH 7 ne, mai dafin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH 8 ne, ya haura kashi 5, kusan ninki goma. Zafi ya ƙaru, ya ƙara hawa. Ma'ana, mai ruwan burtsatse mai pH 8 a tsakiyar bazara ba shi da sararin sakaci irin na mai pH 6.8, ko da launin gwajinsu ɗaya ne. Ta ɗaya gefen kuma, aikin bakteriyar da kansa yana sa ruwa tsami a hankali. In pH ya sauko ƙasa da 6.5 sai su yi sanyi, kusa da 6 su kusan tsayawa cak. Canjin ruwa yakan gyara wannan. Kada ka ce za ka gyara da kanwa ko lemon tsami. pH da ya yi tsalle farat ɗaya ya fi wanda ya karkace kashe kifi.

Mataki na biyar: canjin ruwa

Ƙa'idata mai sauƙi ce. Amoniya ko naitirait ya kai 0.5, canza rabin ruwan a ranar. Ya kai 1 ko fiye, canza rabi yanzu, bayan 'yan sa'o'i ka sake rabi. Yana 0.25 kuma kifi na walwala, bar shi ka sake dubawa gobe. Lissafin ba ya ƙarya: rabin ruwa na rage rabin dafi. In kana da 2 ka canza kashi 10 cikin 100, saura 1.8, ka wahalar da kanka ne kawai.

Za ka ji masu cewa yawan canjin ruwa na hana tanki nuna, wai kana kwashe wa bakteriya abinci. Kifi ba ya daina fitar da amoniya ko na minti ɗaya, abincinsu ba zai yanke ba. Ko da ya ƙara maka 'yan kwanaki, gara haka da gawa.

Yadda ake yi: wanke hannu da ruwa zalla, a tabbata babu sabulu, man shafawa ko turare. Kashe hita, wato na'urar ɗumama ruwa, in kana da ita, don takan fashe in ruwa ya sauka ya bar ta a waje. Sa bakin mesa a tanki, ɗaya bakin a bokiti a ƙasa, ka riƙa bin saman tsakuwa kana zuƙe kashi da ragowar abinci. Kada ka tone tsakuwar har ƙasa a wannan wata. Kifin na ciki, ba a fitar da su. Kamun da raga ya fi canjin ruwan firgita su. Sannan ka zuba sabon ruwan da ka gyara a hankali, a kan faranti ko tafin hannunka, kada ya tayar da ƙasa. Tsohon ruwan kuma kada ka zubar a kwata, ba shukokin gida, taki ne.

Soson filta kada ka taɓa shi sai in ruwa ya daina wucewa. In ya toshe, matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da ka zuƙo daga tanki, ka mayar. Ba a son ya yi fes.

Wanda bai samu kayan gwaji ba fa? Sai ya ɗauka dafin na nan. Ya canza kashi ɗaya cikin uku kowace rana na mako biyu, sannan sau ɗaya a kwana biyu na mako huɗu, da kifi kaɗan da abinci kaɗan. Tafiyar makaho ce, amma da sanda.

Mataki na shida: rowar abinci

Duk abin da ka zuba a tanki amoniya zai zama, ko kifi ya ci ko bai ci ba. Sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, ko ma sau ɗaya a kwana biyu. Ranar da gwaji ya yi sama, kada ka ba su komai. Lafiyayyen babban kifi yana kwana uku ba ci ba abin da zai same shi. Su dai kullum za su taso gaban gilashi kamar sun shekara da yunwa, kada su yaudare ka.

A gidan Bahaushe haɗarin ba daga mai tankin yake ba. Kai ka ba su da safe, uwargida ta ji tausayinsu da rana, yara su zuba da yamma, baƙo ya zo ya ce bari ya ga yadda suke ci. Na taɓa tsamo gutsuren burodi da ƙwayar shinkafa dafa-duka daga tankina. Ɓoye gwangwanin abincin, mutum ɗaya ne mai bayarwa. In yara na so, su tsaya tare da kai, ka auna musu a tafin hannu.

Makonnin naitirait

Nan ne mutane suka fi karaya, don amoniya ta sauka sun ɗauka an gama. Naitirait yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai ka ga kifi a saman ruwa yana haki, ko ya tsaya kusa da inda filta ke zubo ruwa, alhali iska ta wadata a tankin. Masu kiwon tarwada a Amurka sun daɗe da sanin maganinsa: gishiri. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri ƙofa ɗaya yake bi da naitirait wajen shiga jikin kifi, in ya yi yawa sai ya tare hanyar. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kimanin giram 5, a kowace lita 50 ya wadatar. Gishiri zalla wanda ba a haɗa shi da kayan ɗanɗano ba. Narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, don haka in ka canza rabin ruwa, rabin gishirin kawai za ka mayar. Kuma kariya ce kawai yake bayarwa, gwaji zai ci gaba da nuna shunayya, canjin ruwa na nan daram.

Sauran alamun da za ka sa wa ido: fiffike a manne da jiki, wurin numfashi ya yi ja jawur, jajayen zane a wutsiya, kifi ya kwanta a ƙasa ko ya ƙi abinci. Ka ga ɗaya daga ciki, fara canza rabin ruwa kafin ka yi tunanin magani. Wanda ya mutu a cire shi nan take, kuma ka riƙa ƙirga su kowace safiya, don gawar da ta maƙale bayan dutse ita kaɗai ta isa ta tayar da amoniya.

Magani a wannan lokaci takobi ne mai kaifi biyu. Shuɗin maganin nan metilin bulu da magungunan kashe bakteriya suna shafe na filta tare da na cuta, ka koma farko. In dole sai an yi wa kifi magani, ware shi a wani mazubi mai dutsen iska.

Ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara a makon farko? Wasu bakteriya ne na daban masu saurin yaɗuwa, za su lafa da kansu cikin 'yan kwanaki. Ƙara iska, rage abinci. Haka gansakuka mai ruwan ƙasa da ke fitowa a gilashi, goge ta da soso mai tsabta in ta dame ka. Babban kuskure shi ne a ga haka a kwashe komai a wanke tas a sake zubawa. Wanda ya yi haka duk mako, tankinsa ba zai taɓa nuna ba.

In an ɗauke wuta, ko gari ya yi zafi

Littattafan Turawa ba su cika damuwa da wannan ba, mu kuwa shi ne kullum. Awa biyu ko uku ba wuta ba abin tashin hankali ba ne. In ta wuce haka, kifi da bakteriya duk iska suke nema. Sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko mai USB da za ka jona da fawa bank. Da filtar soso, shi kaɗai ya riƙe maka tankin har wuta ta dawo. Mai sola ko inbata ya fara jona filta kafin talabijin. In babu ko ɗaya, ɗebi ruwan tankin da kofi ka riƙa tsiyayo shi daga sama, sau goma sha biyar ko ashirin, duk bayan rabin awa ko awa guda. Kada ka ba da abinci sai wuta ta dawo. In filtarka rufaffiya ce irin ta gwangwani kuma ta yi sa'o'i da yawa a kashe, buɗe ta ka sa sosonta cikin tanki, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin ka sake kunnawa; in ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, dafi ne.

Bakteriyar sun fi aiki tsakanin digiri 25 da 30, don haka zafinmu na taimaka wa tanki ya nuna da wuri. Sai dai ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 lita guda na ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi. In ruwa ya haura 31, buɗe murfin, ka juya fanka ta riƙa busa saman ruwan, ka kashe fitilar tankin. Kada a ajiye tanki inda rana ke dukansa ta taga. Da hunturu kuma, musamman a wurare irin Jos, ruwa kan yi sanyin da zai rage wa bakteriya kuzari ya kuma jawo wa kifi cutar fararen ɗigo. Ƙaramar hita da aka saita a 26 ta magance.

Maganin sauro na fesawa dafi ne ga kifi ko da kaɗan ne. In za a fesa a ɗakin, kashe famfon iska don kada ya zuƙo shi ya tura cikin ruwa, rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan ka kunna. Kaskon turaren wuta ma a nisanta shi da famfon.

Yaushe aka gama?

Ranar da ka ga amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret na hawa, fara ƙirga. In aka yi kwana bakwai a jere a haka, kana ba da abinci yadda aka saba kuma ba ka canza ruwa ba, tanki ya nuna. Daga nan canjin kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa, ana riƙe naitiret ƙasa da 40.

Ga wanda bai riga ya sayi kifi ba, hanyar da na yi alkawari: kafa tanki, kunna filta, sa iri, ka riƙa zuba ɗan abincin kifi kowace rana ya ruɓe, ko ruwan amoniya zalla har gwaji ya nuna 2. Ranar da tankin ya iya mayar da 2 ɗin nan sifili, amoniya da naitirait duka, cikin awa 24, canza mafi yawan ruwan ka je sayen kifi. Babu ɗaukar bokiti kullum, babu gawa.

Bakteriyar da ka tara daidai dattin kifin da ke ciki suke, saboda haka ƙari sai a hankali: biyu ko uku, a jira mako biyu ana gwaji, sannan a ƙara. Sabon kifi in ya zo, ɗora ledar a saman ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan na wasu mintuna 20, sannan ka ɗauke shi da raga ka saka. Ruwan shagon a zubar, kada ya shiga tankinka. Kuma tun yau jefa ƙarin soso guda a bayan filtarka ka manta da shi. Duk ranar da ka sayi tanki na biyu, ko wani ya zo neman iri, sai ka ciro shi.